Abincin Sha da Ciwon Sukari: Lissafin Ya Bambanta ga Wanda Cin Abinci ke Yi wa Wuya

A ƙarshen shekarar 2017 aka fitar da sakamakon wani bincike a Birtaniya mai suna DiRECT, wanda Farfesa Roy Taylor na Jami'ar Newcastle da Farfesa Mike Lean na Jami'ar Glasgow suka jagoranta. An raba masu ciwon sukari nau'i na biyu kusan 300 gida biyu. Rabi suka ci gaba da kulawar da suka saba samu, ɗaya rabin kuwa aka ɗauke musu abinci kacokan, aka ba su garin da ake damawa a sha, kalori 825 zuwa 853 a rana, na tsawon wata uku zuwa biyar, daga nan aka riƙa dawo musu da abinci kaɗan-kaɗan. Bayan shekara guda, kashi 46 cikin ɗari na masu shan garin sukarinsu ya sauko ƙasa da mizanin ciwon ba tare da shan magani ba, alhali a ɗaya ɓangaren kashi 4 ne kacal. Cikin waɗanda suka rage kilo 15 ko fiye, kashi 86 ne suka samu wannan sauƙi. Bayan shekara biyu adadin ya koma kashi 36. A kan wannan sakamako ne hukumar lafiya ta Ingila, NHS, ta gina shirinta na mako 12 na abincin sha zalla, kalori 800 zuwa 900 a rana.

Daga nan labari ya bazu cewa abincin sha yana kwantar da ciwon sukari. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne su wa aka bari suka shiga binciken. Masu ƙiba ne, ma'aunin BMI ɗinsu, wato nauyin jiki gwargwadon tsawo, daga 27 zuwa 45, shekarunsu 20 zuwa 65, ciwon bai wuce shekara shida a jikinsu ba, kuma ba sa allurar insulin. Duk wanda aka san yana da larurar cin abinci ba a ɗauke shi ba, haka ma shirin NHS ba ya karɓar mai irin wannan larura, ko mai juna biyu, ko mai yin insulin. Ke nan hujja mafi ƙarfi da ake kafawa da ita wajen tallata abincin sha ga masu sukari ba ta shafi mutumin da matsalarsa ita ce kasa cin abinci ba. Shi ma yana iya amfana da kwalbar abincin sha, amma ta wata fuska dabam, kuma wanda ya haɗa fuskokin biyu zai cutar da shi.

Dalilin da DiRECT ya yi aiki sananne ne. Kitse ya taru a hanta da pankiriyas, wato sashen cikin jiki da ke samar da insulin, yunwar da aka tsara ta narkar da shi, sai ƙwayoyin da ke samar da insulin suka farfaɗo. Wanda ya riga ya rame, ko wanda pankiriyas ɗinsa ya daina samar da insulin gaba ɗaya kamar mai nau'i na ɗaya, wannan yunwa ba za ta amfane shi ba. Tsokar jikinsa ce za ta zube.

Kwalba iri biyu da ake kira da suna ɗaya

A kan kantar shago suna kama da juna, amma an yi su ne don buƙatu masu karo da juna. Akwai na rage ƙiba, wanda aka tsara ya zauna a gurbin abinci ya ba da ƙasa da abin da abincin zai bayar, yawanci kalori 200 zuwa 250 a kofi. Akwai kuma na asibiti, na ƙarin kuzari ga marar lafiyar da ba ya iya ci, irin su Fortisip da Fresubin da Ensure Plus, waɗanda aka cusa wa kalori mai yawa a ruwa kaɗan: kalori ɗaya da rabi a kowace mililita, wasu har 2.4. Fortisip Compact, alal misali, mililita 125 ne kawai, amma yana ɗauke da kalori 300 da furotin giram 12 da kabohaidiret wajen giram 37. Sai na uku a tsakani, waɗanda aka rubuta wa sunan masu sukari, irin su Glucerna da Diasip, da galibi ke ba da kusan kalori ɗaya a mililita.

A ɗauka mace ce mai kilo 50. A ƙiyasin da ake fara aiki da shi a asibiti, kalori 30 ga kowane kilo, tana buƙatar kamar 1,500 a rana. Abin da take iya ci bai wuce 900 ba. Giɓin 600 ke nan, kwalba biyu na mai kalori 300, a kan abincin da take ci. Idan kuwa aka saya mata na rage ƙiba, ta sha kofi mai kalori 200 ta bar abincin rana da take samun 350 daga gare shi, an ƙara faɗaɗa giɓin ne, ita da danginta kuma suna ganin an yi dabara tunda na'ura ta nuna sukari ya sauka. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma yana da wuyar ganewa domin lambar da kowa ke kallo tana yin kyau yayin da mutum ke ƙara lalacewa.

Wa ake nufi da mai wahalar ci

Ba iri ɗaya ba ne, kuma amfanin abincin sha ya danganta da wane iri ne a gaba.

Akwai larurar da likitocin ƙwaƙwalwa suka ba suna ARFID, wadda ta shiga kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na Amurka a 2013. Mai ita ba tsoron ƙiba yake ba. Ko dai laushi da ƙamshi da kamannin abinci ne ke tayar masa da zuciya, ko kuma bai jin yunwa sam har ya manta da ci, ko ya taɓa shaƙewa ko amai mai tsanani sai tsoron haɗiya ya kama shi. Ana yawan samunta ga masu otizim. A gida ana ce masa mai tsirfa, a yi ta faɗa da lallashi. Abincin da irin wannan mutum ke yarda da shi yakan zama abu biyar zuwa goma, kuma sau da yawa farar shinkafa ce, burodi, biskit, taliya, soyayyen dankali, wato abubuwan da ɗanɗanonsu ba ya canzawa, kuma su ne na farko da ake hana mai sukari. Ranar da aka miƙa masa takardar abin da zai daina ci, an share masa rabin abin da ke riƙe da ransa.

Akwai mai ƙin ci don tsoron ƙiba, wato anoreksiya. Ga masu nau'i na ɗaya kuma akwai wata hanya mai haɗarin gaske: rage insulin da gangan don sukari ya riƙa fita ta fitsari jiki ya zube. Wani bincike na Cibiyar Joslin da ke Boston, wanda aka wallafa a 2008, ya bi mata 234 na tsawon shekara 11. Kusan kashi 30 cikin ɗari sun ce suna rage insulin, kuma haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran sau uku da ɗoriya.

Akwai wanda ciwon ne da kansa ya taɓa jijiyoyin cikinsa, tumbi ya yi kasala, abinci ya daɗe bai wuce ba. Likitoci na kiran wannan gastrofaresis. Loma uku ya ƙoshi, ga kumburi da tashin zuciya. Sai kuma wanda magani ya kashe wa sha'awar ci: metformin na yin haka, allurai irin su Ozempic kuwa aikinsu ke nan.

Na ƙarshe an fi ganinsa a ƙasashenmu fiye da yadda ake zato. Shi ne wanda aka tsorata. An ce masa shinkafa guba ce, tuwon masara guba ne, ba doya, ba fura, ba 'ya'yan itace, sai acca da alkama da wake. Ya ci har ya gundura, sai ya koma tsallake abinci, yana ganin yunwa ta fi aminci. Shi wannan ba kwalba yake buƙata da farko ba, bayani yake buƙata cewa yawan abin da aka zuba a kwano da abin da aka haɗa shi da shi ne ke da tasiri, ba sunan hatsin ba.

Kafin a ɗora komai a kan halin mutum, dole a duba ko wani ciwo ne ke ramar da shi: sukarin da ya yi sama sosai, tarin fuka, ƙanjamau, matsalar maƙoƙo, ciwon ƙoda, ko rashin jituwa da alkama da ke yawan zuwa tare da nau'i na ɗaya.

Abin da ke cikin kwalbar

Lamba huɗu ake nema a jikin takarda: kalori, jimillar kabohaidiret, furotin, da girman abin da aka auna. A lura ko an rubuta su ne a kan mililita 100 ko a kan kwalba guda, domin nan ake yawan yin tuntuɓe. Kuma jimillar kabohaidiret ake dubawa, ba layin da aka rubuta sukari ba. Yawancin waɗannan kayayyaki da maltodekstirin ake yin su, wani sitaci da aka farfasa, wanda doka ba ta lissafa shi cikin sukari amma yana shiga jini da saurin gulukos. Kwalba na iya cewa sukarinta giram 5 ne alhali kabohaidiret ɗinta 35.

Na masu sukari sun bambanta ne ta irin kabohaidiret ɗin: ana sa masu narkewa a hankali kamar aisomaltulos, a ƙara dusar abinci da mai irin na zaitun ko kanola. Sukari yakan hau a hankali bayan an sha su, wannan gaskiya ne. Sai dai a yi lissafi. Diasip na da kabohaidiret kusan giram 12 a mililita 100, kalori kuma ɗari da 'yan kai. Kafin a samu kalori 300 sai an sha kusan mililita 300, kabohaidiret wajen giram 34. Ƙaramar kwalbar Fortisip Compact ta ba da kalorin nan a mililita 125 da giram 37. Bambancin bai taka kara ya karya ba, ruwan da za a haɗiya kuwa ya ninka fiye da sau biyu. Ga wanda cikinsa ke cika da kurɓi huɗu, ƙaramar kwalbar ta fi, a daidaita magani da ita. Shi ya sa ƙwararrun abinci da dama a Birtaniya ke ba masu sukari marasa ci na gama-gari kawai. A ganinmu wanda mutum zai iya shanyewa kullum ya fi wanda ya fi kyau a takarda amma ana zubar da rabinsa.

Abubuwa biyu kuma. Waɗanda aka zaƙaƙa da maltitol ko sobitol suna sa kumburi da gudawa, ga mai tsoron ciwon ciki kuwa gudawa ɗaya ta isa ya ƙi kwalbar har abada. Mai ciwon ƙoda kuma kada ya ɗauki kowace iri, saboda fotasiyam da fosfet da yawan furotin. Akwai nasu na musamman, likita ne zai zaɓa.

Magani ya bi abin da ya shiga ciki

Nan ne haɗari na kusa yake. Yawancin magungunan sukari an tsara su ne bisa zaton mutum zai ci sau uku, a lokaci sananne, adadi sananne. Mai wahalar ci ba ya cika ko ɗaya daga cikin ukun.

Ƙwayoyi irin su glibenclamide da gliclazide da glimepiride suna tilasta wa pankiriyas ya fitar da insulin ko an ci ko ba a ci ba. Glibenclamide, wanda aka fi sani da Daonil kuma yana ko'ina a kemis saboda arha, ya fi daɗewa a jiki, faɗuwar sukarin da yake jawowa tana iya dawowa bayan an farfaɗo da mutum, musamman tsoho ko mai raunin ƙoda. Wanda cinsa ba shi da tabbas, wannan ne maganin farko da ya kamata likita ya sake dubawa.

Sai dangin empagliflozin da dapagliflozin, masu fitar da sukari ta fitsari. Idan ci ya ragu sosai suna iya jefa mutum cikin tsamin jini na kiton, wato sinadarin da jiki ke samarwa idan ya koma ƙona kitse, alhali na'ura na nuna sukari 8 ko 9, bai yi sama sosai ba, ba wanda zai yi zargin komai. Alamunsa tashin zuciya, amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, da kasala. Ka'ida ita ce a dakatar da su idan mutum ya daina ci ko yana amai, kuma shirye-shiryen abincin sha zalla suna cire su tun ranar farko.

Insulin gauraye irin Mixtard 30, da ake yi safe da yamma, kamar bashi ne da aka ci da safe wanda dole a biya da abincin rana. Kashi 30 na allurar mai saurin aiki ne, kashi 70 kuma yana kai ƙarfinsa bayan awanni. Idan azahar ta yi ba a ci komai ba, sukari zai faɗi. A nan abincin sha na da amfani na zahiri: kwalba mai kabohaidiret giram 30 zuwa 40 tana iya tsayawa a madadin abincin da ya gagara, kuma an san abin da ke cikinta daidai. Amma idan tsallake abinci ya zama na kullum, tsarin allurar ne bai dace da mutumin ba. Wanda ya fi sassauci shi ne insulin mai dogon aiki sau ɗaya a rana, da mai saurin aiki a lokacin ci kawai.

Ko a wannan tsarin akwai tarko. Insulin mai sauri, irin NovoRapid ko Humalog, yana fara aiki cikin minti 10 zuwa 20, ya kai ƙololuwa tsakanin awa ɗaya zuwa biyu, ya ƙare cikin awa uku zuwa biyar. A ce ma'aunin mutum yunit ɗaya ne ga kowane giram 10, kwalbarsa na da giram 37, sai ya yi yunit huɗu. Idan ya shanye cikin kwata ɗin awa, lafiya lau. Amma masu wahalar ci kurɓa suke yi, kwalba ɗaya ta ɗauki awa biyu, ko a ajiye ta a rabi. Insulin na giram 40 ya shiga, giram 18 kawai ya biyo baya. Mafita biyu ake bi da sanin likita: a yi allurar nan take bayan an gama sha, gwargwadon abin da aka sha, ko a yi rabi kafin a fara a cika sauran idan an shanye. Sukari zai ɗan haura fiye da yadda ake so bayan sha, kuma wannan farashi ne da ya cancanci a biya. Yana taimakawa a zuba a kofi mai ma'auni don a san ainihin abin da ya rage.

Insulin mai dogon aiki kuwa, mai nau'i na ɗaya ba ya barinsa ko da bai sa komai a baki ba yini guda. Ana iya rage shi, ba a tsayar da shi. Idan akwai na'urar gwada kiton a jini, daga 0.6 a sa ido a riƙa shan ruwa, daga 1.5 a nemi likita, 3.0 kuwa asibiti ne kai tsaye.

Idan sukari ya faɗi ƙasa da 3.9, wato 70 a na'urorin da ke auna miligiram, abincin sha ba shi ne magani ba. Maiƙo da furotin da ke cikinsa suna jinkirta shigar sukarin, na masu sukari ma an yi shi ne musamman don ya yi jinkiri. Giram 15 na sukari mai sauri ake bayarwa: cokalin shayi uku zuwa huɗu na sukari a ruwa, ko kimanin mililita 150 na lemon kwalba mai sukari. A jira minti 15 a sake gwadawa, a maimaita idan bai hau ba. Bayan ya hau ne kwalbar za ta yi amfani, don riƙe shi. Ga mai ARFID, tun kafin ranar ta zo a nemo abin zaƙin da ya yarda zai haɗiya, domin lokacin da hannu ke rawa ba lokacin gwada sabon ɗanɗano ba ne. A kuma sani cewa allurar gulukagon, da ake yi wa wanda sukarinsa ya faɗi sosai, tana aiki ne ta hanyar fito da sukarin da hanta ta adana. Wanda ya daɗe da yunwa hantarsa babu ajiya, allurar na iya ƙin yin komai, sai ƙarin ruwa mai gulukos ta jijiya.

Haɗarin dawowa ci bayan doguwar yunwa

Dangi kan yi murna ranar da marar lafiya ya yarda ya sha, sai a jera masa kwalba huɗu. Ga wanda ya daɗe bai ci ba wannan na iya kashe shi. Lokacin yunwa jiki na cinye ajiyarsa ta fosfet da fotasiyam da magniziyam, ko da gwajin jini bai nuna ba tukuna. Da kabohaidiret ya shigo, insulin ya tashi, sai ya kwashi waɗannan gishirai daga jini ya tura su cikin ƙwayoyin jiki. Jini ya wayi gari babu su. Bugun zuciya ya rikice, ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi rauni, hankali ya gushe. Yakan faru ne cikin kwanakin farko na komawa ci, kuma mai allurar insulin ya fi shiga haɗari saboda allurar na ƙara ingiza abin.

Ka'idar hukumar NICE ta Birtaniya ta 2006 ta bayyana waɗanda ke cikin babban haɗari: BMI ƙasa da 16, ko raguwar fiye da kashi 15 na nauyi cikin wata uku zuwa shida, ko fiye da kwana 10 ba ci sai abin da ba a rasa ba. Ko kuma biyu daga cikin waɗannan: BMI ƙasa da 18.5, raguwar fiye da kashi 10, fiye da kwana biyar ba ci, ko amfani da wasu magunguna da insulin ke cikinsu. Wato siririn mai yin insulin ya riga ya cika sharuɗɗa biyu. Ka'idar ta ce a fara da abin da bai wuce kalori 10 ga kowane kilo a rana ba, a ba da bitamin B1 miligiram 200 zuwa 300 kullum tun kafin a fara, a riƙa gwada jini. Ga mai kilo 45, kalori 450 ke nan, kwalba ɗaya da rabi a yini guda. Ka'idojin da Kwalejin Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Birtaniya ta fitar a 2022 sun yarda a fara da fiye da haka ga yawancin masu larurar cin abinci, saboda jan ƙafa ma na da nasa haɗari, amma duk da sharaɗin gwajin jini a kai a kai. Wannan mataki ba na gida ba ne.

Haka kuma ba a sauko da sukarin da ya daɗe a sama da gaggawa. Wanda ya shekara yana rage insulin, idan aka dawo da shi daidai cikin makonni kaɗan, yana iya samun zafin jijiyoyi mai tsanani a ƙafafu, matsalar idonsa ta ƙaru, jiki kuma ya tara ruwa nauyi ya ƙaru da kilo da yawa cikin kwanaki. Ga mai tsoron ƙiba wannan kumburin shi ne abin da ke sa ya sake watsar da allura. A faɗa masa tun farko cewa ruwa ne kuma zai sauka.

Yadda ake shigar da shi ba tare da ya cinye abinci ba

Lokacin sha yana da muhimmanci. Idan aka sha minti talatin kafin abinci, an kashe ɗan abin da ya rage na yunwa. A sa shi tsakanin abinci, ko bayan an gwada ci, ko da dare. Wasu asibitoci na raba shi kamar magani, mililita 60 sau huɗu a rana, wanda daga mai kalori biyu a mililita ke ba da kusan 480 ba tare da ciki ya cika ba, sukari kuma ba ya tsalle. Ga mai kasalar tumbi wannan tsari ya dace, domin ruwa na wucewa ko da abinci mai tauri ya tsaya, sai dai shi a guje masa mai yawan dusa.

A makon farko a gwada sukari kafin sha da awa biyu bayan sha. Abin da ake nema ga yawancin manya shi ne 4.4 zuwa 7.2 kafin ci, ƙasa da 10 bayan ci, amma ga wanda ake ƙoƙarin dawo masa da jiki likita kan sassauta. Idan ya haura, magani ake gyarawa, ba kwalbar ake janyewa ba.

Ga mai ARFID ƙananan abubuwa ne ke yanke hukunci: sanyi yana rage ƙamshi da zaƙi, tsinken zuƙa da kofi mai murfi suna ɓoye kala, wanda kaurin madara ke damunsa akwai masu kama da ruwan lemo, sai dai su kabohaidiret ɗinsu ya fi yawa kuma babu maiƙo, don haka suna ɗaga sukari da sauri. Kada a taɓa zuba garin a ɓoye cikin abincin da ya amince da shi. Zai gane, kuma za a rasa abincin da amanar gaba ɗaya. A yi ƙoƙari ya saba da iri biyu, domin kamfanoni na canza haɗi, kaya kuma na yankewa a kasuwa.

Babban abin tsoro na dogon lokaci shi ne kwalbar ta zama mafaka. Ba ta buƙatar tauna, ɗanɗanonta ɗaya kullum, lambobinta a rubuce. Wannan sauƙi ne ga mai tsoron shaƙewa, kuma shi ne ke sa jerin abincinsa ya ƙara tsukewa har ya koma ruwa zalla. Ga mai anoreksiya kuma lambobin ne ke jan hankali, sai kwalbar ta zama hanyar ƙididdige kalori da kafa iyaka. Saboda haka tun ranar farko a rubuta abin da ake so ta yi, nauyin da ake son kaiwa, da ranar da za a zauna a duba. Maganin ARFID da Jennifer Thomas da Kamryn Eddy suka tsara a Boston ya ginu ne a kan fara cika ciki da abincin da mutum ya yarda da shi, sannan a riƙa gabatar da sababbi kaɗan-kaɗan ana maimaitawa. Abincin sha na taimaka wa matakin farko, ba ya yin na biyu.

A Kano ko Damagaram, kuɗin gwangwanin Glucerna na wata guda ya fi ƙarfin gidaje da yawa, sai a koma ga abin da aka saba kai wa marar lafiya: lemon malt, shayi mai kauri, kunu da sukari. Kwalbar malt ɗaya ta haura giram 30 na kabohaidiret, furotin kuwa kusan babu. Ana iya haɗa abin da ya fi wannan a gida. Kofi ɗaya na madara mai maiƙo, mililita 250, da cokalin cin abinci biyu na markaɗaɗɗiyar gyaɗa da ba a matse manta ba, suna ba da kalori wajen 350, furotin kamar giram 15, kabohaidiret ƙasa da giram 20. Kindirmo marar sukari na iya maye gurbin madarar. Rabin ayaba zai ƙara giram 12 ko kusa da haka. Wannan haɗi ba shi da cikakken bitamin da sinadarin ƙarfe kamar na kamfani, don haka ƙari ne, ba zai riƙe mutum shi kaɗai ba. Madarar shanu ɗanya a tafasa ta. Inda babu tabbacin wuta, gari ya fi na kwalba, a dama abin da za a sha nan take da cokalin da ya zo a gwangwanin, domin wanda aka buɗe ba ya wuce awa 24 a firji, a zafin ɗaki kuwa 'yan awanni ne. Tsinka shi da ruwa don ya daɗe yana rage kalorin, kuma yana ɓata lissafin insulin.

Awon nauyi sau ɗaya a mako ya isa, ga mai tsoron ƙiba kuma ma'aikacin lafiya ne zai auna. Gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sukarin jini na watannin baya, na iya yaudara ga mai ƙarancin jini ko mai sikila, sai a dogara da gwajin yatsa. Wanda ya daɗe a kan metformin kuma cinsa ya ragu, a duba masa bitamin B12. A kai mutum asibiti ba tare da jira ba idan ya yi awa 24 bai iya riƙe ko ruwa ba, ko sukarinsa ya faɗi ƙasa da 3.0 fiye da sau ɗaya, ko ya suma, ko zuciyarsa na bugawa ba daidai ba, ko ƙafafunsa sun kumbura bayan ya fara sha, ko an gano yana tsallake allurar insulin.